Kifayen Katakon Mai Fenti

Har yau Mai Fenti ake kiransa, ko da yake rabonsa da fesa wa mota fenti tun gemunsa bai yi furfura ba. Ciwon ƙirji ne ya raba shi da gareji. Sai ya kafa teburi a gindin tagar ɗakinsa, ya shiga sassaƙa 'yan kifaye na katako, irin waɗanda masu kamun kifi ke maƙala wa ƙugiya don su yaudari manyan kifi.

Sassaƙa da fenti ba sa ba shi wuya. Wahalar tana shafin ƙarshe, na wani gam mai ruwa biyu da ake haɗawa a shafe kifin, ya yi ƙyalli kamar gilashi, ruwa kuma ba zai ci katakon ba. Gam ɗin nan ba ya gaggawa. In aka ajiye kifin sai ya zurara ya taru gefe guda, don haka dole a yi ta juya shi har ya kama. Matarsa ce mai wannan aikin. Takan zauna da kifi soke a tsinke, tana juyawa tana ba shi labarin unguwa.

"Kai da gam ɗin nan halinku ɗaya," takan ce. "Sai da lallashi."

Bayan rasuwarta ya ci gaba da sassaƙa, amma ya daina shafi. Kifaye suka jeru a kan kanta, sun sha fenti, ba mai ƙyalli ko ɗaya.

Ana nan sai 'yarsa, wadda aure ya kai nesa, ta kira ta ce suna tafe ƙarshen mako, kuma mijinta na so Baba ya kai shi bakin ruwa. Mai Fenti ya dubi kantar, ya ga lokaci ya ƙure.

Da farko, don shafin ya kama da wuri tunda ba mai juya masa, ya ƙara ruwan da ke sa gam ya daskare, sai abin ya yi danƙo ya ƙi bushewa. Ya shanya wani a rana, ƙuda ya sauka ya maƙale. Ya je wurin maƙwabciyarsa mai kitso aron na'urar busar da gashi.

"Baba, yaushe kifi ya fara gashi?" ta tambaye shi tana dariya.

Iskar na'urar ta kore gam ɗin zuwa wutsiya. Ya mayar mata da kayanta, ya zauna yana tunani. Can ya tuna yadda suke gasa fenti a gareji: ɗumi ake so, ba iska ba. Ya samo kwali, ya saƙala ƙwan lantarki a ciki. Wani mai gyaran rediyo ya ba shi ɗan inji mai juyawa a hankali, Mai Fenti ya ɗaura masa sanda, ya jera kifayen a jikinta cikin kwalin. Kwalaben gam kuwa ya tsoma su a ruwan ɗumi kafin ya haɗa. Ya yi shafi da safe, kafin rana ta faɗi kifayen sun bushe ƙayau, har fuskarsa yake gani a jikinsu.

Yana ɗaura musu ƙugiyoyi wayarsa ta yi ƙara. 'Yarsa ce.

"Baba, ka yi haƙuri. An hana shi hutu a wurin aiki."

"Ba komai, Uwata," ya ce. "Ruwa ba ya guduwa. Ki gaishe shi."

Ranar da ya kamata su iso, ya ɗauki sandarsa ta kamun kifi da kifayen katakon ya tafi shi kaɗai. Bai daɗe da jefawa ba ya ji an fizga. Kifi ne babba, irin wanda ya daɗe bai kama ba. Ya ɗaga shi, ya waiga dama da hagu, ba kowa a bakin ruwan sai wata tunkiya tana kiwo.

Ya kai wa mai kitso kifin. Ta ce ya shigo su ci tare da maigidanta, ya ce a'a, yana da aiki. Da ta aiko masa da rabonsa a kwano, ya ci a tsaye gaban taga, ya wanke kwanon, ya kife shi a bakin ƙofa inda za ta gani.