Gashin Gemuna a Gaban Jar Fitila

Na je Birnin Kebbi kai wa jikata albasa daga Argungu, na iske ta a ɗakinta na unguwar Nassarawa, ido ja wur. Ita ce ke karatun kimiyya a jami'a, kuma washegari ne za ta nuna aikinta na ƙarshe gaban malamai.

"Amarya, wa ya taɓa min ke?" na ce.

"Tsoho, yau ba wasa. Zarena ya karye."

Zaren gilashi ne, siriri, guda ɗaya tal aka ba ta. Aikinta kuwa, gwargwadon fahimtar wanda ya bar boko a aji huɗu, shi ne a haska wa zare wata jar fitila mai suna leza. Hasken sai ya watse a bango ɗigo-ɗigo. In zaren siriri ne ɗigon su yi nesa da juna, in mai kauri ne su matsu. Ta koya wa kwamfutarta lissafa kauri daga tazarar ɗigon. Ba zare, ba abin nunawa, sai maimaita shekara.

Na zaro zaren koma daga aljihu, don masunci ko ya tsufa ba ya rasa shi. Ta rufe taga da zane, ta kashe fanka, ta haska. Bango ya yi dame-dame. Ashe murɗaɗɗen zare bai yi, sai sili ɗaya. Ta gwada gashinta, ya nannaɗe ya ƙi miƙewa.

Sai na ga ta ƙura wa gemuna ido.

A gidanmu gashi ba ya fita waje. Mahaifina in an yi masa aski, da hannunsa yake tattarawa ya binne bayan rumbu, don ba ka san hannun da zai faɗa ba. Ita kuma ta ce dole ta kai shi makaranta a auna da wata na'ura, a ga ko lissafinta ya dace.

"Wato ƙattin da ban san iyayensu ba su riƙa juya gemuna?"

"Sili ɗaya, angona."

Ta miƙo min tafin hannunta. Na tsige mafi miƙewa, har hawaye ya zo min.

Ta ɗame shi a jikin kwali mai rami, ta ce kada in yi numfashi. Ni da nake nutso a kogin Rima, wannan ba komai ba ne. Da farko jan tabo ɗaya kawai. Ta ɗan gyara fitilar. Sai ga ɗigo sun jeru dama da hagu, tsaf kamar sahun salla. Ta auna da rula, ta buga a kwamfuta.

Na kafa sharaɗi: a dawo min da abina.

Washegari na wuni ƙofar gidan, ko goro ban iya ci ba. Bayan la'asar ta sauko daga kabu-kabu, ta miƙo min kwalin ashana.

"Ya dace, tsoho. Sun ma roƙi in bar musu shi."

"Su tsigi nasu."

Na buɗe na tabbatar nawa ne. Da na isa Argungu na binne shi bayan rumbu.