Sandar Alvin Dostal

Yayata Verna Hruska a jikin rumbun masarar babanmu ta koyi jifa, can Nebraska. Da ta fasa katako na uku, Baba ya ce ko ta daina ko ta nemi wani rumbun. Sai ta nemo ni. Tun ina shekara tara nake tsugune ina cafe mata ƙwallo, ga yatsuna nan na hagu, kowanne da inda ya sa gaba.

Da muka girma muka haɗa ƙungiyar mata zalla ta sofbol, wasan da ake jefo ƙwallo a buge shi da sanda, muka samu wata tsohuwar bas da ta fi son turi da tafiya. Duk garin da ake bikin amfanin gona sai mu sauka, mu ƙalubalanci mazansu. Verna za ta wulwula hannu kamar fanka, ta saki ƙwallon daga gefen gwiwa. Kafin mai sanda ya gama shawara, ƙwallon na hannuna. Ka kuskure sau uku, ka koma ka zauna.

A 1952, a wani ƙaramin gari kusa da iyakar Kansas, wani manomin alkama mai suna Alvin Dostal ya fito da sanda. 'Ya'yansa huɗu na kan shinge suna ihun "Babanmu ne!" Jifa biyu suka wuce shi. A na uku ya kai duka da dukkan ƙarfinsa, ya juya ya zube a ƙasa. Fili ya ɗauki dariya, Verna har da rusunawa. Tana ɗagowa ta hango shi yana sauke yaran daga shinge ɗaya bayan ɗaya, ya kasa kallon fuskarsu. Ranar ko kolace, wainar nan ta mutanenmu, ba ta taɓa ba, Verna kuwa ba ta wasa da ciki.

Daga nan ta tsiro da wata ɗabi'a. A kowane gari, in ta gama da gwanayensu, sai ta kira wanda ba a zata ba: mai wanke kwanukan coci, ko akawun da iska ke iya ɗauka. Ta kalli yadda yake jujjuya sanda sau ɗaya, sai ta auna sandar ta jefa. Ƙwallo ya doki sandar ya tashi, gari ya ruɗe, ita kuma ta dafe kai wai an gama da ita.

"Loretta," takan ce min, "hana mutum bugu ai wasan yara ne. Ki samu sandar wanda bai san inda sandarsa take ba, nan aikin yake."

Shekara ashirin da bakwai muna haka, amma garin Alvin ko a taswira ba ta son gani. Sai a 1979, da kafaɗarta ta lalace har ni ke taje mata kai, ta ce can za a yi wasan ƙarshe. Na san abin da take so. So take ta wanke mutumin nan a gaban 'ya'yansa kafin hannun ya ƙi gaba ɗaya.

Yana nan kuwa, kai ya yi fari, 'ya'ya da jikoki sun cika benci. Ta kira sunansa, ya taso. Ta auna sandarsa ta jefa, ƙwallon ya bi ta sama. Ta sake, ya bi ta ƙasa. Hannun ya daina jin magana. Jifa ɗaya ya rage.

Alvin ya sauke sanda. "Ke Hruska, zo nan."

Ta zo, ni ma na miƙe.

"Kin ɗauka ban san wayonki ba? Sau uku ina bin ku garuruwa ina kallo. Sadaka za ki ba ni?"

"Haba Alvin, ni dai..."

"Ke dai me? Shekara ashirin da bakwai jifan nan na uku nake gani in na rufe ido. Shi nake so. In faɗuwa ce, ai na san hanyar ƙasa."

Verna ta dube ni. Na ce, "Yaya, ki ba shi abinsa."

Ta koma, ta wulwula hannu har na ji kafaɗar ta yi ƙara, ta saki duk abin da ya rage mata. Gaskiya ba jifan 1952 ba ne, amma ba na wasa ba ne. Alvin ya make shi. Ƙwallon ya haye kan Verna ya faɗa ciyawa, tsoho ya kama gudun zagaye fili don cin maki yana riƙe da wando, jikoki na bin sa da ihu. 'Yarsa ta fari, wadda a da take kan shinge, tana tsaye tana kuka.

A bas Verna ta cinye kolace huɗu, ƙanƙara ɗaure a kafaɗa. Na tsokane ta, "Yau ba ki dafe kai ba."

"Na manta," ta ce, tana dariya hawaye na zuba. "Loretta, da gaske na so in hana shi."

Ban taɓa ganin ta cikin farin ciki irin na ranar ba. Ba ta sake jifa ba har ta rasu.