Baffa Isa da Rumbun Geronmu

Bana shekara arba'in ke nan da rasuwar Baffa Isa, ƙanen mahaifina. Abin da ya tuno mini da shi gardamar 'ya'yana ce a kan hannun jari. Babban ya dage cewa mai ido yana iya gane ranar da farashi zai tashi, ya saya da safe ya sayar da yamma. Ƙaramin ya ce caca ce kawai.

An taɓa yin irin gardamar nan a zaurenmu a Illela, 'yan shekaru bayan samun 'yancin kai. Baffa da mahaifina fataken hatsi ne, suna kaiwa da komowa tsakaninmu da Nijar. Baffa yakan sayar kowace Lahadi a yadda kasuwa ta kama. Mahaifina kuwa ya yarda ya san lokaci, kuma sau da yawa yakan dace, har muna yi wa Baffa kallon marar wayo.

Wata shekara damina ta makara, gero ya yi tsada. Manoman Araba, wani ƙauye kusa da mu, suka zo ƙofar gidanmu da kuɗinsu a hannu, ba roƙo suka zo ba. Mahaifina ya ce su dakata.

Baffa ya ce, "Yaya, mi kaka jira? Mutanen ga iri za su ci."

"Kasuwa ɗaya ta rage," in ji mahaifina.

Baffa ya buɗe nasa rumbun, amma bai ishe su duka ba. Wasu gidaje suka cinye irin shukarsu suka ƙetare iyaka, ba su dawo ba. Kafin kasuwar da mahaifina yake jira, raƙuma suka shigo da hatsi daga arewa, farashi ya faɗi. Mahaifina bai sake tayar da zancen ba har ya rasu.

Da Baffa zai ga jikokinsa sun duƙufa a kan waya, ba na jin zai tsaya kan wanda ya ci gardama. Zai tambaya ne wa ke ɗauke da wahalar jiran nasu.

Baffa bai bar dukiya ba. Amma har yau in na bi ta Araba, tsofaffi kan ce ga ɗan Isa nan. Ban taɓa iya gaya musu ɗan wane ne ni ba.