Dakta Ummusalma da Saifar Kwata

Ranar Talata, 14 ga Mayu, 2024, ina tsaka da fiɗa a kwata aka kawo mini labarin rasuwarki, Dakta Ummusalma Labaran, malamar kimiyya a jami'a. Na ajiye wuƙa na yi salati. Ni ne Haladu mahauci. A gaban jama'a na zarge ki, don haka a gaban jama'a zan yi wannan magana.

Shekara biyar ke nan da kika fara zuwa mana da sassafe, riƙe da kula cike da ƙanƙara. Ba tsoka kike nema ba, ba hanta ba. Saifa kawai, kuma sai ta saniyar da aka yanka yanzu-yanzu. Ki duba agogo, ki rubuta a takarda, ki tafi. Wace mace ce ke dafa saifa da agogo? Wasu suka ce boka kike kai wa. Ni kuwa na ce leƙen asiri aka turo ki, don a rufe mana wurin sana'a. Maganata aka ɗauka. Sarkin fawa ya hana a ba ki ko yanki, har wata huɗu.

Ba ki kai ƙara ba. Kika same ni har gida a Gada Biyu, ke da mijinki Malam Uzairu, kika ce, "Malam Haladu, zo ka gani da idonka."

Na bi ku jami'a a Naraguta, amma ko ruwan da kika ba ni ban sha ba. A ɗakin bincikenki kika nuna mini wani ruwa a 'yar kwalba, kika ce daga saifa kike tace shi, sunansa katefsin. Kika tambaye ni me ya sa naman da ya kwana a sanyi ya fi sabon yanka laushi. Na ce haka muka tarar. Kika ce da hannun katefsin a ciki. Yana zaune a ƙwayoyin jiki yana narkar da abin da ya tsufa, amma in ya fita daga ma'ajinsa yakan buɗe wa ciwon daji hanya ya bazu. Wannan hanyar kike neman toshewa.

Na koma na janye maganata, sai dai zargin bai bar kwata ba. Ni kaina ban daina satar kallon takardarki ba. Da kika fara ramewa, aka ce abin da kike taɓawa ne ya kama ki, ni kuma na bar maganar ta bazu.

Sai a maƙabarta Malam Uzairu ya gaya mini cewa tun kafin ki fara zuwa kwata likita ya shaida miki kina ɗauke da ciwon daji. Daga ɗan lokacin da ya rage miki na hana ki aiki na wata huɗu, kuma ban taɓa buɗe baki na ce ki yafe mini ba.

Allah Ya jiƙan ki, Ya sa jinyar da kika sha ta zama kaffara, Ya haskaka makwancinki. Malam Uzairu da yara, Allah Ya ba ku haƙurin wannan rashi. Gafarar da ban nema a wurinta ba, yau ina roƙon ta a wurinku.