Zanen Hannun Umma a Al Khor

Ranar Juma'ar da ta cika kwana arba'in da rasuwar Umma, Baba ya dawo daga masallaci ya ce in sa takalmi, za mu Al Khor, wani gari a bakin teku. Shekarata goma sha ɗaya a lokacin. Ban tambaye shi me za mu yi a can ba, domin tun ranar jana'iza na daina tambaya. In an ce ci, in ci. In an ce tashi, in tashi.

A unguwar Ain Khaled muke zaune, can ƙasar Larabawa, cikin wani gida da aka rarraba da katako, mu da 'yan Sudan da 'yan Indiya. Baba yana shugabantar masu gadi a wani dogon bene a West Bay. Aikina kullum kafin in tafi makaranta shi ne in kwashe ruwan da ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki in zuba wa yakuwar da Umma ta shuka a bokitan fenti. Da la'asar mu yaran gidan mu zana 'yar gala-gala da alli a tsakar gida, mu yi ta tsalle har a kira magariba. Bayan rasuwarta na ci gaba da ba yakuwar ruwa, amma wasan na bar shi, ba don baƙin ciki ba, sai don ban ga dalilin tsallen ba.

Wurin da muka je ɗan ƙaramin shagon abinci ne kusa da bakin teku, teburansa biyar, bangonsa cike da zane-zane: gonakin shinkafa, kwale-kwale, wata tsohuwa tana tankaɗe. Anti Marisel ce ta tare mu, nas 'yar Filifin da ta yi jinyar Umma wata uku a asibiti. Shagon na yayarta ne, zanen kuma yawanci nata ne. Ta kawo shinkafa da kaza da aka dafa da tafarnuwa, da wani romon kifi mai tsami da ta kira sinigang. Baba ya kurɓa ya ce, "Uwata, tsamiya ce fa, irin ta gida." Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa gare ni. Na sha. Na san akwai tsami, amma bakina bai gaya mini komai ba.

Muna cikin ci ya ajiye cokali, ya ce ba zai iya riƙe ni shi kaɗai ba ga aikin kwana, don haka idan an yi hutu zai kai ni Funtuwa wurin Gwaggo, yayarsa. Ya tsaya yana kallona, ina jin kuka yake jira, ko gardama. Na ce, "To, Baba." Na ci gaba da cire ƙayar kifi.

Sai Anti Marisel ta shiga ciki ta fito da wata takarda. Da fensir ta zana hannayen Umma a kan bargon asibiti, riƙe da carbi. Har tabon ƙunar man gyaɗa da ke bayan babban yatsanta yana nan. Baba ya kau da kai, kafaɗunsa suna rawa. Ban taɓa ganin ya yi kuka ba, ko ranar jana'iza. Ta miƙo mini takardar ta ce tawa ce in ina so. Baba ya share fuska ya ce, "Kina so, Uwata?" Na dubi hannayen, na gane su sarai, amma ban ji komai ba. Na girgiza kai. Ta mayar da ita cikin aljihun tebur, ta kawo mini ƙanƙara da madara da wake mai zaƙi a kofi.

Yanzu ina koyarwa a Zariya, Baba ya tsufa ya dawo gida. Hotunan fuskar Umma suna nan cikin wayoyinmu, amma babu ko ɗaya da hannayenta suka fito sosai. Na sa an nemo mini shagon, aka ce an daɗe da rufe shi, Anti Marisel kuma ta koma ƙasarsu, ba wanda ya san garin. Kukan da Baba ya jira a ranar sai da na haifi 'yata ta fari ya zo.

Da yau aka tambaye ni, da hannu biyu zan karɓa.