Ɗakin da aka bari a buɗe

Ni ban yi boko ba, ban san baƙi ɗaya ba. Amma abin da idona ya gani, zan faɗe shi yadda ya faru.

Wata Juma'a ce, jikata ta kai ni asibitin ido. Da muka fito ta ce mu biya ta ofishinsu a Gada Biyu, in huta kafin ta mayar da ni Kwararafa. Aikinta shi ne kula da wata babbar na'ura da suke kira saba. Ta taɓa yi mini bayani: gida ce mai ɗakuna da yawa, kowa da nasa, kuma mutum yana iya shiga ɗakinsa daga nesa muddin yana da mabuɗi. Na ce to, na ji.

Ina zaune, idona na ta zubar da ruwan magani, sai ga 'yar maƙwabtanmu Inyamurai ta shigo tana haki. A gabana aka haife ta, ni na yi mata wankan farko. Daga Vom take, inda ta shekara biyu tana binciken ciwon shanu.

"Mama, ina wuni," ta ce, ta ɗan rusuna. Sai ta juya ga jikata. "Sista, injin ɗinku ta ƙi ni! Jiya Oganku ya buɗe min ɗaki, tun safe ina bugawa, ta ce ba ta san ni ba."

Malamanta na ƙasar waje za su duba ɗakin da ƙarfe huɗu. In ba su tarar da aikinta ba, gurbin karatun da suka ajiye mata ya wuce ga wani. A lokacin an riga an sauko daga masallaci.

Jikata ba ta ɗaga murya ba. Ta jawo kujera, ta buɗe wani baƙin allo mai fararen rubutu. Ta duba suna, daidai. Ta duba mabuɗi, shi ne. Ta gwada da kanta, na'ura ta ƙi.

"Ƙawata, ko ki yi mata addu'a?" na ce.

"Ki yi, tsohuwa, ni zan tambaye ta dalili."

Ashe na'urar tana rubuta duk wanda ya ƙwanƙwasa, da abin da ya sa ta hana shi. Cikin wannan rubutun jikata ta shiga, tana bin layi da yatsa kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Ogansu, dattijo mai furfura, ya zo ya tsaya a kanta.

"A goge a sake buɗewa mana," ya ce.

"Ranka ya daɗe, in mun sake ba mu san ciwon ba, haka zai dawo."

Uku ta wuce. Yarinyar nan ta fara hawaye. Sai yatsan jikata ya tsaya.

"Oga, jiya ka bar ɗakin a buɗe ga kowa?"

"Ƙwarai. Abokan aikinta za su riƙa ajiye mata takardu. Ya za a yi in kulle musu?"

Wallahi na fahimce shi. Tun zamanin haƙar kuza nake Jos, ban taɓa kulle ɗakina da rana ba. Amma na'urar, in ji jikata, ba ta yarda da mabuɗin da aka ajiye inda kowa ke shiga, domin ba ta da tabbacin ba a musanya shi ba.

Na zuba ido in ga yadda za ta gaya wa babba ya yi kuskure. Sai ta miƙe, ta ba shi kujerar.

"Alheri ka yi, Oga, ita ce ba ta san zumunci ba. Ka rufe da hannunka, su abokan sai mu yanka musu zaure daban."

Dattijo ya yi dariya, ya zauna, ya danna abin da ta nuna masa. Yarinyar ta sake bugawa. Nan take ɗaki ya buɗe. Sai ta ƙwalla ihu, ta rungume ni har ɗankwalina ya zame.

Aikin ya shige da saura kaɗan huɗu ta cika. Jikata ba ta jira godiya ba. Ta ɗauko kwalbar maganin, ta ce, "Ɗaga kai, tsohuwa, lokacin ɗigawa ya yi."