Wanda Ya Danna Mini Maɓallan

Jama'a, wallahi tallahi abin nan ni ya faru da ni, a Illela, shekarun baya. Ni da yayana Bello muna da ɗan shago a bayan layin 'yan canji, muna yi wa wani kamfani aiki daga nesa. Kamfanin yana fitar da kayan ƙera manhaja, mu kuma namu shi ne rubuta bayanin yadda za a harhaɗa su, mataki bayan mataki, duk lokacin da sabon samfuri ya fito.

Yaya yana da tsarinsa. Ni zan riƙa karanta matakan da ƙarfi, shi kuma ya zauna bayana da tsohuwar kwamfutarsa yana danna abin da na faɗa kawai, ko ya san na yi kuskure ba ya gyara mini, sai dai ya ɗage hannu ya ce, "Mi kac ce?" Kai, maganar nan ta sha ba ni haushi.

To Allah ya yi masa rasuwa, hatsarin babur a hanyar Ƙonni. Ban yi kuka ba, ban ji komai ba, abinci ma ci kawai nake yi. Ana cikin haka sabon samfuri ya fito, kamfani suka ce in aiko da bayanin kafin Juma'a, in ba zan iya ni kaɗai ba su ba wani. Aikin nan kuwa da shi 'ya'yan Yaya suke ci.

Ranar Alhamis bayan azahar na zauna, na gyara duk abin da ya canza, sai kawai na tsinci bakina yana karantawa da ƙarfi, don sabo. Na karanta mataki na farko, sai na ji ƙas-ƙas-ƙas ɗin maɓallan kwamfuta a bayana. Ban waiwaya ba. Ku yarda ko kar ku yarda, ko gabana bai faɗi ba, na dai ci gaba, ina faɗa ana dannawa, har na zo wajen da ake nuna wa kwamfuta inda aka ajiye kayan, sai ƙarar ta tsaya.

"Mi kac ce?"

Na duba, ashe sunan tsohon samfurin na bari a layin, duk wanda ya bi shi ba abin da zai haɗu. Na gyara, na sake karantawa, aka ci gaba da dannawa har ƙarshe. Na ce, "Shi ke nan, Yaya?" Da na juya, kwamfutarsa na rufe cikin leda yadda matarsa ta kawo ta bayan rasuwarsa. Na tura aikin, na ja ƙofa.

A waje Baba Ilu ɗan canji, maƙwabcinmu, yana alwalar la'asar, ya ɗago ya ce, "Ɗana, kai da wa kaka aiki ɗazu? Wallahi muryar kamar ta marigayi."

Nan na zauna a ƙasa, kukan da ban yi ba tun ranar jana'iza ya zo.

Kamfani sun bar mana aikin. Ban san me ya zauna a bayana ba, Allah ne masani, ni dai shawarata ku yawaita yi wa mamatanku addu'a, kuma aikin da kuka saba yi ku biyu, kar ku yi shi da ƙarfi ku kaɗai. Ni har yau a zuci nake karantawa.